Neman kalma kafin safiya: idan ƙwayar cuta ta hau ƙoda, me za mu kira shi?

Mai Shiri: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 9 zan naɗi shirin lafiya, na maƙale a kan abin da likitoci ke kira fayilonefiraitis. Na rubuta "ciwon ƙoda", edita ya soke, wai mai saurare zai ɗauka irin wanda ake wankin ƙoda ne. A taimaka.

Malamar Jinya: Edita ya yi daidai. Wannan ƙwayoyin cuta ne, galibi E. coli ta cikin hanji, ke bin hanyar fitsari su shiga mafitsara, daga nan su haura ƙoda. Zazzaɓi ya kai digiri 38 ko fiye, ga rawar ɗari, ciwon kwiɓi, amai, zafin fitsari. Ana warkewa sarai. Marasa lafiya dai "infekshan" suke ce mana.

Ɗan Nahawu: Infekshan! Inna lillahi. Harshen da ya samar da "ƙanjamau" shi zai rasa suna? Na daɗe ina cewa "harbin ƙoda". Cuta harbi take yi, har muna cewa ya harbu. Gajere ne, yana da daɗin faɗa.

Tsohon Mai Fassara: Malam, duk wanda ya ji harbin ƙoda a rediyo bindiga zai tuna. Me ya hana "sanyin ƙoda"? Mutane sun san sanyi.

Malamar Jinya: Don Allah Baba a bar sanyin nan. Ka ce wa mace tana da sanyi, mijinta zai fara zargi, alhali mata sun fi kamuwa ne don hanyar fitsarinsu gajera ce. Kuma da jin sanyi sai a nufi mai maganin sanyi, ba wanda zai kai fitsari gwaji. Mai juna biyu ko mai ciwon suga ta yi wannan jinkiri, cutar na iya shiga jini.

Ɗan Nahawu: Ai matsalar ke nan, ma'aikatan asibiti kun raina Hausa. Kalmar fayilonefiraitis da kuke tinƙaho da ita ma ta Girkanci ce, kwarmi da ƙoda da kumburi aka haɗa. Su sun ƙera tasu, mu sai aro?

Malamar Jinya: Malam, shekara nawa ka yi kana yi wa mai amai bayani da tsakar dare?

Tsohon Mai Fassara: A yi haƙuri. To "kumburin ƙoda" fa, tunda haka asalin yake?

Mai Shiri: Baba, shi ma za a sa ran ganin jiki ya kumbura. Lokaci na tafiya. Na rubuta haka: "cutar mafitsara da ta haura ƙoda". Sai in ƙara cewa zazzaɓi da ciwon kwiɓi da zafin fitsari ba na maganin maleriya ba ne, a je a gwada fitsari.

Malamar Jinya: Ya yi. Ka ƙara da cewa maganin kashe ƙwayoyin cutar kan ɗauki kwana 7 zuwa 14, a shanye shi ko an ji sauƙi. Wanda amai ya hana shi riƙe magani kwanciya zai yi, a ba shi ta jijiya. A kuma guji ibuprofen, farasitamol ya wadatar.

Ɗan Nahawu: Kalma 6 ba suna ba ne, jimla ce. Amma ka yi shirinka. Ni dai harbin ƙoda na nan a littafina.