Abin da aka tattauna kan ɗaukar hoton talakawan Rasha

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan yadda ya dace a ɗauki hoton talakawan Rasha.

1. Kusan kowa ya yarda hoto shaida ne. An yi ta ambaton Maksim Dmitriyev, mai ɗaukar hoto ɗan Rasha, wanda ya zaga ƙauyukan lardin Nizhni Nofgorod a yunwar 1891 zuwa 1892, ya ɗauki manoma kwance da cutar taifus, da gidajen da aka yaye ciyawar rufinsu aka ba dabbobi. Haka kuma hotunan yunwar yankin kogin Bolga ta 1921 da Fridtjof Nansen, ɗan Norway mai aikin agaji, ya nuna wa Turawa don neman agaji.

2. A nemi izini. A zauna, a sha shayin mutum kafin a ɗaga kyamara.

3. Nan aka rabu biyu, kan hoton tsohuwar da ke tsaye cikin dusar ƙanƙara a Mosko bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, tana sayar da 'yan komatsan ɗakinta. Wasu suka ce a nuna fuskarta, duniya ta gani. Wasu suka ce tonon asiri ne. Ni kam zuciyata na wajen na biyun, in dai ba ita ta amince ba.

4. Batun ba da kuɗi ga wanda aka ɗauki hotonsa bai samu matsaya ba, amma an yarda a kai wa mutum hotonsa.