Me za mu kira "fork" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "dashe"

1/ Daren jiya ƙanena ya kira ni, yana son ya gyara wata matsala a manhajar da ke riƙe da sabar (server) wasan Minecraft ɗinmu, wato kwamfutar da mu goma sha ke shiga ta intanet mu yi gine-gine. Na ce masa ya fara danna maɓallin Fork a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, cokali mai yatsu kuma?" Muka yi dariya, amma na rasa kalmar da zan ba shi.

2/ Ga abin da ake nufi. Manhajar buɗaɗɗiya ce, kowa na iya karanta rubutunta. Kana kwafe ta gaba ɗaya zuwa wurinka, ka yi ta gyara yadda ka ga dama, ta asali kuma tana nan ba abin da ya taɓa ta. Manhajojin sabar Minecraft haka suka yi ta haihuwa: daga CraftBukkit aka fitar da Spigot, daga Spigot aka fitar da Paper, daga Paper aka fitar da Purpur.

3/ "Reshe" ne ya fara zuwa bakin kowa. Ban yarda ba. Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare wadda GitHub ke aiki da ita, yana da nasa reshen (branch), wanda ke tsirowa a cikin gida ɗaya, in muka ba abu biyu suna ɗaya sai mai koyo ya rikice. "Kwafi" ya yi rauni, don kwafi ba ya girma.

4/ Wani ya ce "ɓallewa". Akwai gaskiya a ciki, wani lokaci saɓani ne ke raba masu aiki. Sai dai kalmar tana warin rigimar jam'iyya. Ƙanena ba ɓallewa zai yi ba, layi uku zai gyara ya miƙa wa masu aikin, in sun duba sun gamsu su haɗe da nasu.

5/ Dashe fa? Ku tuna zogalen bayan gida. Ka sari reshe mai kauri, ka kafa shi a jikin danga, ka ɗan ba shi ruwa, kafin ka ankara ya yi toho. Irin ɗaya ne, ɗanɗanon ganyen ɗaya ne, amma saiwarsa tasa ce, kuma mai gidan da ya kafa shi ne zai yi ta fama da akuya. Uwar tana can tana ba da ganye.

Wani manomin rani ya ƙalubalance ni cewa dashen albasa ciro shi ake yi, wurin ya zama fili. Haka ne. Dashen zogale nake nufi, kuma Bahaushe "dasa" yake cewa a duka biyun.

6/ Abin da ya ƙara jawo ni shi ne kalmar tana tafe da 'yan uwanta. Inda aka saro, sai mu ce "uwa". Shi ya sa ma nake cewa saba, ba "uwar garke" da wasu ke fassara server da ita ba, kada uwaye su yi yawa. Sannan Paper ya shafe shekaru yana ɗaukar duk sabon gyaran Spigot yana ɗora nasa a kai, har zuwa Disamba 2024 da masu shi suka sanar cewa sun daina jiran Spigot, za su ci gaba da kansu. Wannan ai yaye ne. Dashe mai shan nono, da dashen da aka yaye.

7/ Na gwada a bakin ƙanena da safe: "Ka yi dashe, ka gyara, ka miƙa wa uwa." Bai sake tambaya ba. Saura sunan wannan miƙawar da ake kira "pull request" da Turanci, don "roƙon ja" da na gani wani ya rubuta bai shiga kunnena ba. Wa ke da wadda ta fi?