Adelaide ko Melbon? Juma'a zan biya kuɗin makaranta, a taimaka min da shawara

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah mazauna Ostireliya nake neman shawararku. Na samu gurbin digiri na biyu a wuri biyu, ɗaya a Adelaide ɗaya a Melbon, kos ɗin kusan iri ɗaya ne kuɗin ma babu wata tazara, kuma ranar Juma'a wa'adin biyan kason farko zai cika. Da iyali zan tafi, matata da yarinyarmu 'yar shekara biyu, saboda haka ba maganar ɗaki a gidan haɗaka nake ba, gida nake so ko ɗan ƙarami ne. Abin da nake son sani haya, masallaci da naman halal, sai kuma Turancinsu. Wallahi na ci jarrabawar Turanci lafiya lau amma shekaranjiya da muka yi magana ta bidiyo da malamin Adelaide rabin abin da ya faɗa ya wuce ni, ya ce mu ƙara magana "Thursday arvo" na yi ta duba taswira ina neman inda Arvo yake. Kuma ina ce masa Farfesa yana cewa in kira sunansa kai tsaye, mutumin da a haife ya haife ni.

Bakatsinen Lakemba:
Wa alaikumus salam. Malam ka taho Sidni kawai. Unguwar Lakemba da azumi titi ake rufewa ana cin abinci har tsakar dare kamar kana Sabon Gari, ga masallacin Auburn, ga mahauta Larabawa ko'ina.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode yaya, amma Sidni ba ta cikin zaɓin, ba su ba ni gurbi ba.

Maman Ilham:
Arvo yamma ke nan ƙanina, bayan azahar. Mutanen nan ba sa ƙarasa kalma, kamar ana cajinsu kuɗi a kan kowane harafi. Karin kumallo brekkie, gidan mai servo, gashin nama barbie, McDonald's ma Maccas suke ce masa. Wanda ya fi ba ni wahala "yeah nah", ma'anarsa a'a, "nah yeah" kuma eh, na ƙarshen shi ne amsar. Sannan in an gayyace ku aka ce "bring a plate" don Allah ka gaya wa amaryarka abinci ake nufi. Ni watana biyu da zuwa maƙwabciya ta gayyace ni, na wanke farantaina huɗu tas na ɗauka na tafi ina cewa baiwar Allah kwanukanta ne ba su isa ba. Har yau in ta gan ni sai ta tambaye ni lafiyar farantan.

Sarkin Zolaya:
Hhhhh Anti kin kashe ni. Ni kuma da aka ce min "how ya going", ashe gaisuwa ce, cewa na yi da bas. Ɗan Tudun Wada abin da za ka kiyaye shi ne drop bear, wata dabba ce kamar kowala tana faɗowa daga kan bishiya a kan baƙi kawai, maganinta ka shafa Vegemite, abin shafa wa burodin nan nasu, a bayan kunne.

Maman Ilham:
Kai dai Allah ya shirye ka. Ƙanina ƙarya yake babu wata drop bear, tsokanar da suke yi wa duk baƙo ce, kuma fuska a ɗaure suke yinta shi ya sa ake yarda. Haka barkwancinsu yake, in sun fara zaginka cikin wasa to sun karɓe ka, kamar Bakano da Bazazzagi. Wanda yake gaskiya shi ne tsuntsun magpie, wajen watan Satumba lokacin da yake ƙyanƙyasa sai ya kawo maka sara a ƙeya kana cikin tafiyarka.

Mai Rabon Wahala:
Ku kuna ta dariya, bari in gaya masa abin da ba a sawa a hoto. Na sauka Melbon a watan Yuli, ku tuna Yuli tsakiyar hunturu ce a nan ba kamar gida ba. Tun ina Kaduna na samu wani a wani guruf, ɗan Afirka ne har da sallama da in sha Allahu a bakinsa, ya turo min hotunan ɗaki ya ce in tura kuɗin ajiya na sati huɗu da hayar sati biyu ya riƙe min. Na sayar da mashin ɗina na cika na tura. Na sauka da daddare na kira waya a kashe, na ɗauki mota har adireshin, wata tsohuwa Baturiya ta buɗe ƙofa ta ce shekararta talatin a gidan ba ta taɓa ba da haya ba. Akwatina biyu a bakin titi ga iska kamar reza. Wani ɗan Somaliya direban tasi shi ya kai ni gidansa na kwana tara a kan kujera, Allah ya saka masa.

Ban gama ba. Da na fara neman gida na gaske sai na ga ashe layi ake, a buɗe gida minti goma sha biyar mutum talatin ku shiga kuna leƙa banɗaki, sannan a ce kawo shaidar ka taɓa haya a ƙasar da takardar albashi, ni da na zo jiya ina zan samo. Ƙarshe na faɗa hannun wani mai ba da ɗaki ba takarda. Hita ta lalace sati na biyu, na yi masa magana ya ce "she'll be right mate", wai komai zai daidaita, na ɗauka wata mace ce za ta zo gyara na zauna ina jiranta. Wata uku ina kwana da jaket da safa biyu. Da zan tashi ya cinye kuɗin ajiyata wai na ɓata kafet da mai. Gidajensu kamar kwali, a ciki ka fi jin sanyi a kan waje.

Hajiya Babba:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri ɗana. Amma kai ma da sakaci, kuɗin ajiya a Victoria, jihar da Melbon take, ai ba mai gida ke riƙewa ba, hukumar gwamnati ake kai wa RTBA su aiko maka da shaida, in babu wannan to ba haya ka kama ba rufa ido aka yi maka.

Mai Rabon Wahala:
Hajiya wanda yake kwana a kujerar mutane ba ya tambayar RTBA. Kuma wannan mate ɗin nasu, wai aboki, mai gidan da ya cuce ni bai taɓa jumla babu mate a ciki ba.

Ɗan Tudun Wada:
Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba. To yaya yanzu nawa kake biya? Kuma akwai wanda yake Adelaide a nan kuwa?

Mai Rabon Wahala:
Dalar Ostireliya 310 a sati, ɗaki ɗaya, kicin da mutum huɗu. A SATI fa, nan haya sati-sati ake lissafawa kar ka ga lamba ka ɗauka ta wata ce.

Injiniya Bello M.:
310 an yanke ka. Ni 220 nake biya a yammacin Melbon har da wuta da intanet.

Mai Rabon Wahala:
Yaushe ka kama? Kuma awa nawa kake yi a jirgin ƙasa kafin ka iso gari?

Injiniya Bello M.:
Minti arba'in da biyar, ina karatuna a ciki.

Bakatsinen Lakemba:
Ku gode wa Allah, a Sidni 220 ko garejin mota ba za a ba ka ba.

Ummu Khalil:
Ni ina Adelaide shekara uku. Ɗaki biyu da falo muke biyan 480 a sati, amma ƙawata da ta kama bara 560 take biya kuma nata bai kai namu ba. Gari ne shiru, cikin minti ashirin ko talatin ka isa kusan ko'ina, ga masallacin cikin gari da Afganawa masu raƙuma suka gina tun wajen 1888, har jirgin ƙasan da ke zuwa Darwin sunansu ya ci, The Ghan. Nama babu matsala. Matsalar Asabar da Lahadi ƙarfe biyar manyan shaguna sun rufe, kuma aiki bai kai Melbon yawa ba. Abin da ba ka tambaya ba shi ne renon yarinya, mu masu bizar ɗalibai gwamnati ba ta rage mana komai, ni 135 nake biya a rana ɗaya. Matarka tana da damar yin aiki ba iyaka tunda digiri na biyu kake, kai ne aka ƙayyade wa awa 48 a sati biyu lokacin karatu, amma ku zauna ku yi lissafi ko albashinta ba a gidan reno zai ƙare ba.

Dakta daga Leeds:
Gaskiya shawarata ka sake tunani gaba ɗaya. Kuɗin bizar ɗalibi kaɗai ya koma dala 2,000 a Yulin 2025, a 2024 aka ɗaga shi zuwa 1,600, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Ga nisa, sai ka yi kwana guda a sama ta Doha ko Dubai. Ingila awa shida ka iso Abuja.

Injiniya Bello M.:
Dakta da girmanka, ka taɓa taka ƙasar nan kuwa?

Dakta daga Leeds:
Ƙanin matata yana Brisbane, kullum muna waya.

Sarkin Zolaya:
Ni ma ƙanin maƙwabcina ya je Makka, ku riƙa ce min Alhaji.

Baba na Perth:
Yara ku yi hankali da bakinku, Dakta bai faɗi ƙarya ba a kan kuɗin biza. Ni tun 2009 nake ƙasar nan, duk wanda bai yi shekara biyar ba bai kamata ya ba da shawara ba, abin da ya gani a unguwarsa kawai yake faɗa. Ɗana ka zaɓi ƙaramin gari. Adelaide da Perth ana lissafa su cikin yankunan da ake ƙara wa ɗalibi shekara guda ta zama bayan kammala karatu, Melbon ba ta ciki. Maganar kiran malami da sunansa kuma ka saba, nan firaminista Albanese ma Albo suke ce masa, ba sa son mai ɗaga kai, in ka shiga kana ni ne Dakta ni ne Injiniya a ranar za su fara yi maka dariya.

Mai Rabon Wahala:
Baba da girmamawa, kun zo lokacin da haya take araha kun sayi gidajenku, ba ku san layin duba gida ba. Wanda ya zo bara shi ya san halin da ake ciki yau.

Baba na Perth:
Wanda ya tura kuɗi wa mutumin da bai taɓa gani ba shi zai koya min?

Hajiya Babba:
Haba Alhaji, ba a yi wa wanda ya faɗi dariya. A bar maganar.

Ɗan Damagaram:
Ni tambayata ɗaya, da gaske ne raƙuma na yawo a dajinsu ba mai su har harbe su ake daga jirgin sama? Ku ba ni biza da igiya kawai.

Injiniya Bello M.:
Da gaske ne wallahi. Ƙasar da a Melbon ake ba da hutu ranar Talatar farko ta Nuwamba saboda sukuwar dawaki, sannan a ƙara wani hutun ranar jajiberin wasan ƙarshe na ƙwallonsu mai kama da ƙwai, me za ta yi ka yi mamaki. Ranar Kirsimeti kuma zafi kamar Maris a Sakkwato suna bakin teku da silifas, silifas ɗin ma thongs suke ce masa, kar ka je ka maimaita kalmar a Ingila wajen Dakta.

Ummu Khalil:
Af na manta, ƙanina ka gaya wa iyali kar a cika akwati da kilishi da dambun nama. Duk abin ci sai ka rubuta a katin da ake rabawa a jirgi, in ka ɓoye kare ya shinshino tara ce mai zafi har biza ana sokewa.

Maman Ilham:
Kin taɓo min inda ke min ciwo. Kilishin da mahaifiyata ta sa aka yi min musamman, na rubuta shi da hannuna don gaskiya, ma'aikaciyar tana murmushi tana "no worries" ta jefa shi a kwandon shara a gabana. Daddawa kuma ta buɗe leda ta ja da baya ta kira abokin aikinta su biyu suna kallona, na rasa Turancin da zan yi bayanin kalwa.

Bakatsinen Lakemba:
Ni nawa yaji da kuka an duba an bar min.

Mai Rabon Wahala:
Ni an karɓe min kukar.

Hajiya Babba:
Laifin mutanen gida ne ma wani lokacin. Ana jin za ka taho kowa ya kawo ƙulli, kai wa wane, kai wa wance, a naɗe da salatif ba ka san me ke ciki ba, ka ce za ka buɗe a ce ba ka yarda da mutane ba. Zuwana na ƙarshe wata ta ba ni wai turaren wuta ne, ashe da man shanu da wasu saiwoyi a ƙasa, ni aka tsare awa biyu. Wadda aka aiko wa ko sannu, sai ma waya ta yi gida wai na cinye mata saƙo.

Injiniya Bello M.:
Hajiya ai gara saƙo. Ni ƙarfe uku na dare ake kirana ana gaisuwa, na faɗa na gaji cewa awa tara zuwa goma ne tsakaninmu, ƙarshen gaisuwar kuma lambar akawun. Sun ji ana biyan kusan dala 25 a awa sun buga da naira, ba wanda ya tambayi nawa ne haya.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai jama'a. Anti Ummu Khalil 480 ɗin nan da wuta da ruwa ne ko ban da su? Gobe Alhamis fa.

Sarkin Zolaya:
To ai gobe arvo kana da magana da Farfesa, ka tambaye shi mana.

Ɗan Damagaram:
Hajiya man shanun an mayar miki ko shi ma sun zubar?