Motata na tafasa, an ce in sauya lagireto

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, raina a jagule yake. Toyota Carina E ce ta marigayi mahaifinmu, da ita ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Samaru a Zariya. Da ya rasu aka ce a sayar a raba, ni na biya kowa kasonsa na riƙe ta, har yau wani yayana bai daina min gori a kanta ba. Da ita nake kai Hajiyarmu ganin likita a Shika. Makon jiya a Kwangila allurar zafin inji ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga bonet, Hajiya na ciki. Na sayi ruwan leda na zuba. Bakanikena ya ce lagireto ya mutu, har na ba shi rabin kuɗin wani ɗan Beljiyam. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Direban haya: Wa alaikumus salam. Malam, ka saurare ni, na tsufa a hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Ka sa dabul sel, wato lagireto mai layi biyu, a cire tamostat, abin nan da ke tare ruwa sai inji ya ɗau zafi, a jefar, a haɗa fanka dairek. Tamostat na ƙasar sanyi ne, me zai yi maka a zafin Afrilu? Magana ta ƙare.

Dattijon bakanike: Ɗana, ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. A gosulo take zafi ko kana gudu? In a tsaye take tafasa, ta huce da ka hau titi, fanka ce ko fis ɗinta. In kuwa a gudu ne, to lagireton ya toshe, ruwan rijiya da na leda na tara tsatsa da datti a ciki. Da safe, inji da sanyi, buɗe murfin lagireton ka tayar da ita. In ka ga kumfa na ta tasowa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi, gasket ɗin kan inji ya ƙone, sabon lagireto ba zai yi maka komai ba. Kada ka kuskura ka buɗe murfin da zafi. Tamostat kuma a wajen digiri 82 yake buɗewa. In ka cire shi inji ya daɗe bai ɗumama ba, ta riƙa shan mai.

Direban haya: Baba, da girmanka, wannan zancen littafi ne. Tawa babu tamostat, lafiya ƙalau take.

Malama daga Kongo: Ni dai kada ka bar motar ta kwana a gareji. Haka aka ce min lagireto ne, na biya, ashe nawa aka wanke aka shafa wa fenti aka mayar. Ƙarshe murfi ne kawai robarsa ta cinye. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mai tambaya: Na gode muku. Amma Malama, wannan bakaniken tun zamanin Baba yake duba ta, ba zai cuce ni ba. Kuma da idona na ga jiƙa a ƙasan lagireton. Fanka kam ban lura ba.

Dattijon bakanike: Jiƙar na iya zama daga tiyo ko famfon ruwa. Ka duba fankar tukuna, minti biyar ne.

Direban haya: Sa dabul sel ka huta, Malam.

Mai tambaya: Baba, kuɗin fa sun riga sun fita, da wane baki zan ce ya dawo da su? Ga shi Talata Hajiya na da ganin likita. Akwai wanda ya san ko za ta kai Shika in na ɗauki jarkar ruwa a but?