Wane suna za mu ba lojik analaiza a Hausa?

Malamai da 'yan uwa masu gyaran tsofaffin kwamfutoci, shawarwari uku ne suka fito game da sunan na'urar nan da ake kira lojik analaiza, wadda ake duba siginonin cikin kwamfuta da ita, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a tsayar da magana.

Shawara ta farko ita ce "na'urar nazarin mandiƙi", wato fassarar sunan Turancin kai tsaye. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san mandiƙi ilimin kafa hujja ne, don haka mai jin sunan ba zai taɓa kawo allon kwamfuta a ransa ba.

Ta biyu, "ma'aunin sigina", ta fi kusa, sai dai ta ɗauko aikin wata na'ura. Osiloskop ne ke auna ƙarfin wuta, ya zana yadda take hawa da sauka. Ita kuwa lojik analaiza iyaka guda ake sa mata, wadda a kwamfutoci masu aiki da bolt 5 takan kasance wajen bolt ɗaya da rabi: abin da ya haura iyakar ta rubuta 1, abin da ya gaza ta rubuta 0. Gwanintarta ita ce sauraron layuka da dama a lokaci guda, tare da adana abin da ya wuce a kansu.

Shi ya sa nake goyon bayan ta uku, wato "na'urar bin sawun sigina", a taƙaice "bi-sawu". A duba aikin da kansa. Firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) ƙirar 6502 da ke cikin tsohuwar kwamfutar Apple II tana da layin adireshi 16 da layin bayanai 8, kuma da zarar an kunna ta takan karanta adireshin FFFC da FFFD, wato wurare biyu a ma'ajiyar kwamfutar, domin ta san inda za ta fara. Idan kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara zai maƙala ƙananan matsai a ƙafafun firosesar, ya ɗana na'urar yadda za ta kama da zarar ta ga FFFC, sannan ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya har inda tafiyar ta karkace, ko don ROM (ma'ajiyar umarnin kwamfutar na dindindin) ta lalace, ko don layuka biyu sun haɗe. Wannan bin sawu ne sak. Sharaɗin da ake ɗanawa kuwa sai a kira shi "kunama", kamar ta bindiga.

Sunan yana kuma koya wa mai saye abin da zai fara tambaya, wato sawu nawa take iya bi. Layuka 24 na adireshi da bayanai, da na agogo mai daidaita saurin firosesar, da na karatu da rubutu, sun doshi 30, saboda haka ƙaramar na'urar USB mai layi 8 ba za ta nuna hoton duka ba, alhali lojik analaiza ƙirar HP 1650 ta ƙarshen shekarun 1980 tana da layi 80. Sauri ba abin damuwa ba ne, tunda Apple II tana tafiya a kusan megahaz 1, kwamfutar ZX Spectrum kuma a 3.5. Abin lura shi ne wayoyi da matsan da ake maƙalawa, domin sau da yawa akan sayar da na'urar babu su, kuma samunsu daban ya fi wuya. Ita 1650 ma sai ta karanta manhajarta daga faifan fulofi duk lokacin da aka kunna ta, saɓanin HP 1630 da tata ke cikin ROM.

Wani malami ya ce "bi-sawu" na iya rikicewa da na'urar bin motar da aka sace. Gaskiya ne, amma a rubutu cikakken sunan ya raba gardama, a teburin gyara kuwa babu mai neman mota. Kalmar ta mace ce, kamar "na'ura": a ce "bi-sawun ta kama", jam'i kuma "na'urorin bin sawu".