Abin da muka tattaro daga muhawarar kasafin kuɗin jihar Bauchi

Jama'a, sannunku da ƙoƙari. Muhawarar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru, amma tsadar kaya ta cinye ƙarin. Shawarar mafi rinjaye: a fara da albashi, fansho da garatuti, magani a asibitocin karkara da gyaran azuzuwa, kafin a taɓa sabon gini.

2. Ma'aikatan bogi: a tantance kowa da lambar BVN, amma kada a tsayar da albashin mai gaskiya wata da watanni ana cewa ana bincike. Malaman firamare sun nanata wannan, kuma ni ma ina tare da su.

3. Haraji ne ya raba kawuna. Wasu sun ce dole a faɗaɗa kuɗin shiga na cikin gida. 'Yan kasuwar Wunti da Muda Lawal suka ce ana karɓa a hannunsu sau biyu sau uku. A haɗe shi wuri guda, a biya ta banki, a ba da rasit.

4. Bashi: na titi da ruwan sha, wasu sun amince, na biyan albashi kuwa, babu wanda ya goyi baya.

5. Ƙananan hukumomi 20 su karɓi kuɗinsu kai tsaye, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024. Wasu na tsoron ciyamomi za su yi wadaƙa, sai suka nemi a riƙa manna lissafin kowane wata a sakatariya, da Hausa.