Musayar Baitoci a kan Kwarin Kidron

Matafiyi:
Ku saurara, ya 'yan'uwa, in ba ku labari
Na Kidron, gabas da Ƙudus, tsakanin Dutsen Zaitun da ganuwar gari.
Ba ya ganin ruwa sai hunturu ya kawo hadari,
Sannan ya ratsa hamada ya zuba a Tekun Gishiri.
Littattafan Sama'ila da na sarakuna sun adana tarihin wannan kwari:
Nan Dauda ya haye da kuka, ranar da ɗansa Absalom ya ci amana ya kai hari.
Na ga hasumiyar Absalom, inda a da ake kawo yara su yi jifa, su ɗau darasi tun da wuri.

Malama:
Sannu da hanya, Malam, barka da dawowa,
Amma game da hasumiyar nan ina da abin ƙarawa.
Masana sun ce aikin ƙarni na 1 na Miladiyya ce, bisa salon sassaƙawa,
Kusan shekara 1,000 ke nan bayan Absalom ya gamu da mutuwa,
Ashe kabarin wani bawan Allah aka daɗe ana bi da jifa da tsinuwa.
Da ma ka gangara Gihon, marmaron da ke ɓuɓɓugowa,
Inda Sarki Hezekiya ya sa aka fafe dutse mita 533, ruwa na bi yana wucewa
Har tafkin Siluwam, don kada ya faɗa hannun Assuriyawa.

Dattijo:
'Ya'yana, kun yi ƙoƙari, ku bari in sa bakina.
Maƙabartar Babur Rahma tana gindin ganuwar Aƙsa, a sanina,
Can aka rufe Ubada ɗan Samit da Shaddadu ɗan Ausu, sahabban Manzona.
A tsallake kuwa kaburburan Yahudawa sun lulluɓe dutsen, fari fat cikin rana,
Domin sun ɗauka nan ne kwarin Yehoshafat, wurin shari'ar da Annabi Yowel ya bayyana.
Ƙofar da ke bisa maƙabartar an toshe ta a 1541, haka take har bana.

Matafiyi:
Malama, ko ba tasa ba ce, sunan ya riga ya bi ta.
Baba, ka tsallake Getsamani, gonar zaitun da Kiristoci ke ziyarta,
Wadda Linjila ta ce Yesu ya ƙetare Kidron da dare ya shige ta.
Cocin da ke gefenta a 1924 aka kammala ta.
Wa ya isa Mar Saba, gidan ibadar sufayen Kiristoci a ƙasan kwarin, ya zo ya siffanta?